Hukuncin Numfashi Ɗaya

A zamanin da, a wani birni da hanyoyin fatake suka haɗu a ƙofarsa, an yi wani sarki ana kiransa Nagoma. Allah ya buɗa wa garinsa kasuwa, ayari na sauka ayari na tashi, ƙararraki suka yi yawa har Sarki ya koma cin tuwo a tsaye. Ba abin da ake ji a bakinsa sai, “Sai wa? Sai wa kuma?”

Rannan ya sa aka yi shela: duk mai magana a fada, numfashi ɗaya gare shi, in ya ja na biyu an wuce wurinsa. Ya kuma aika wa Liman, wani tsoho Malam Ɗahiru, cewa a riƙa gaggauta salla, jama'a na jira. Liman ya tsorata, ya koma goshi na taɓa ƙasa yana ɗagowa.

Waziri Tanko ne ya rubuta shelar, amma tun daga ranar zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shi kansa sai ya yi sallama ya rasa abin da ya karanta, don a cikin ruku'u yake shirya maganar jakadu.

Wata rana da hantsi aka kawo wani falke mai suna Cindo Maikanwa. Wanda ya kai ƙararsa, Bawa, ya cika ƙirji da iska, ya zubo tamkar ya haddace: “Ranka ya daɗe, da wana suka tafi fatauci ya dawo da jakunansa babu wana ya kashe shi!”

Cindo kuwa mutum ne mai nauyin baki. Ya durƙusa, ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya... ni... ni na binne shi da hannuna...” Ya ja numfashi.

“Ya amsa!” in ji Sarki. “A kai wa Hauni, hukuncinsa kisa. Da jama'a sun fito daga La'asar, a zartar. Sai wa?”

Waziri ya ga idon Cindo sa'ad da dogarai ke jansa. Ya san in ya tanka, shi ma numfashi ɗaya zai samu. Bayan Azahar ya sulale zuwa zauren Liman.

“Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema. Yau ka yi mana La'asar yadda malaminka ya koya maka.”

Liman ya dafe rawani. “Iye? Waziri, kai ma ka san wuyan nan nawa siriri ne. Jikokina fa? Akuyata ma ciki gare ta!”

“Ban ce ka ƙara kome ba, Malam. Kada dai ka rage. Akwai ran Musulmi a ciki.”

Tsoho ya gyara zama. Can ya ce, “To. In an tambaya, kai ka sa ni.”

Aka ta da La'asar. Liman ya tsaya, ya tsaya, har aka ji Sarki na gyaran murya a sahun farko. Amma ko sarki ba ya riga liman ɗagowa a gaban talakawansa. Waziri na gefensa yana ta ƙulla abin da zai faɗa in an idar. Da aka kai sujada, goshinsa ya zauna a ƙasa, ya zauna, dabarar duk ta zube daga kansa. Ya ji sanyin daɓe, ya ji bakinsa na tasbihi kuma kunnensa na saurare. Ya nemi ya roƙa wa Cindo, sai ya tarar kansa yake roƙa wa gafara, don hannunsa ne ya rubuta shelar. Hawaye ya jiƙa masa gemu.

Aka yi sallama.

“Liman,” in ji Sarki, “wa ya sa ka?”

“Waziri ne, ranka ya daɗe! Ga shi nan!”

Waziri ya sunkuya. “Zaki, ni ne. Amma numfashi ɗaya ba zai ishe ni bayani ba.”

Sarki bai dube shi ba. Ya ɗaga hannu, ya ce a tsare ƙofa, kada kowa ya fita, don fitar jama'a Hauni ke jira. Sa'an nan ya ce a hankali, da wata murya da fadawa suka manta yana da ita, “Na yi sujada cike da fushi. Da na rasa abin yi, sai na tuna gaban Wanda nake. Shi bai taɓa ce mini in yi sauri ba. Sai muryar falken nan ta dawo mini. Ya ce binnewa ya yi. Ban tambaye shi me ya kashe mamacin ba.”

Aka kawo Cindo, igiya a wuya. Sarki ya ce, “Yi maganarka, har ka gaji.”

Cindo ya yi ta, da in'ina da kuka. Zazzaɓi ne ya kama abokinsa a hanya, ya yi jinyarsa, ya yi masa wanka da sutura, ya koro jakunan don ya miƙa wa matar mamacin da marayu, Bawa ya tare shi a ƙofar gari. Aka kira madugun ayarin, ya shaida haka aka yi, shi ma ya sallaci gawar. Aka kwance Cindo, aka mai da jakuna ga marayu, aka ɗaure Bawa saboda ƙazafi, aka soke shelar a wurin.

Jama'a suka watse suna hamdala. Sarki bai tashi daga buzunsa ba.

“Waziri, mutum nawa na yanke wa hukunci haka?”

“Suna da yawa, ranka ya daɗe.”

“A nemo su, a sake ji.”

Waziri ya ce, “Zaki, akwai waɗanda ba za su nemu ba.”

Sarki ya juya ya fuskanci alƙibla. Waziri ya matso ya zauna a bayansa, suka yi ta neman gafara har aka kira Magariba.