Ranar da Makaranta Ta Ture Makara

Ku matso kusa, ku ajiye musun nan tukuna. Labari zan ba ku, amma ba na kyauta ba ne, domin in na kai ƙarshensa ku za ku yanke hukunci, ni nawa ido.

A wani gari da ake kira Kwarin Maje akwai ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo, a bakin titin da ya ratsa kasuwa ya nufi maƙabarta. Shugabanta Malam Hambali ne, dogo mai furfura, wanda ya tsufa a aikin koyarwa, kuma ya riƙe abu guda gam: yaro sai da bulala. Filin makarantar kuwa gonar wata tsohuwa ce, Iya Tabawa, wadda ta bayar kyauta tun zamanin da yaran garin ke tafiya wani gari neman karatu.

Ranar da Allah ya karɓi ran Iya Tabawa, aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan azahar, aka ɗauko makara. Malam Hambali yana cikin masu rakiya, kafaɗa da kafaɗa da ɗanta, Sale Maƙeri. Suna isowa ƙofar makaranta aka kaɗa ƙararrawar tashi. Yara suka ɓarko kamar an kwance awaki daga turke, suna ihu suna bangazar juna, manyan ciki na korar wani da ya ƙwace musu ƙwallo. Babu wanda ya tsaya. Wani ƙaton ɗalibi mai suna Garzali ya zo a guje ya bangaji mai riƙe da makara ta gaba, mutumin ya durƙushe, makara ta karkace har likkafani ya taɓa ƙasa. Jama'a suka ɗauki salati. A cikin salatin nan ne aka ji dariya. Garzali ya fara, wasu suka taya shi.

Malam Hambali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kowa ya waiwayo ya dube shi. A maƙabarta can baya ya rakuɓe, ya kasa ko miƙa ƙasa. Da aka watse, Sale Maƙeri ya zo kusa da shi ya ce a hankali, "Malam, gonar nan gero take bayarwa kafin tsohuwa ta ba ku. Yau na ga abin da kuka shuka a ciki."

Washegari Malam Hambali ya tara makaranta kaf ya sa aka zane ta, babba da yaro, har waɗanda suke cikin aji suna shara lokacin da abin ya faru. Kafin mako ya zagayo an farfasa tagogin ofishinsa da duwatsu. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Mai gari ya aika aka kira shi, ya ce in har kaka ta yi ba a ga canji ba, da kansu za su je hukumar ilimi su nemi a rufe makarantar, a mayar wa magada gonarsu. Daga ranar Malam Hambali ya daina bi ta gaban maƙera, Juma'a ma ƙauyen gaba yake zuwa, don kada ya haɗa sahu da mutanen gari.

To, a makarantar akwai malamai uku da kowannensu ya yi abin da ya yi.

Ta farko Malama Uwani, mai koyar da Hausa. A taron malamai ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Wane ne a cikinmu ya taɓa koya wa yaran nan yadda ake fita ƙofa?" Aka kwashe da dariya. Malam Hambali ya ɗaure fuska ya ce tarbiyya a gida ake yin ta, su boko aka kawo yara su koya musu. Ba ta yi fushi ba. Ta ce a makarantar nan kowane malami da dokarsa: abin da wannan zai yi wa murmushi, shi wancan zai yi wa bulala, yaro bai san inda gabas take ba. Ta yi ta bin malamai ɗaya ɗaya, ta bi maigadi, ta bi matan da ke sayar da ɗanwake da awara lokacin tara, har kowa ya yarda da magana guda da za a riƙa faɗa wa yara da baki ɗaya: ka tsaya, ka duba, ka taimaka. Ba a allo ta koyar da ita ba. Aji aji ta riƙa fitowa da su bakin ƙofa su gwada fita, su koma, su sake. Ta kai su bakin famfo suka gwada layi, ta kai su bakin titi.

Wata rana tana bakin titin tana nuna musu abin da ake yi in gawa ta zo wucewa, sai wata 'yar aji ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wallahi ni ban san ana tsayawa ba. Ban taɓa ganin makara ba sai ran nan." Malam Hambali yana tsaye a baya. Ya gane yarinyar, da hannunsa ya zane ta. Ya juya ya shige ofis, bai fito ba sai da aka tashi.

Yara dai suka san abin da ake so. Amma sai in malami yana kallo suke yi, da ya ba da baya a koma gidan jiya.

Na biyu Malam Lurwanu, malamin lissafi, matashi, wanda a da bulalarsa ta fi ta kowa zafi. Shi ya fara ajiye ta. Ya ce, "Mun koya musu, amma har yau ba ma ganin yaro sai ya yi laifi." Ya roƙi a ba shi ɗan lokaci kowace safiya a taron yara. Malam Hambali ya ce yabo ɓata yaro yake yi, amma ya ƙyale shi don ya ga iyakarsa. Malam Lurwanu ya riƙa kiran suna, ya faɗi takamaiman abin da aka gani: wance ta ɗauke wa mai awara kwanonta da ya faɗi, wane ya raba faɗa a bakin famfo. Bai tsaya nan ba, da yamma sai ya hau kekensa ya bi iyaye kasuwa da gona. Wani mahauci da ya hango malami ya nufo rumfarsa, kafin a yi sallama ya riga ya cire takalmi ya damƙo ɗansa. Da ya ji abin alheri aka zo faɗa masa, sai ya tsaya da takalmin a hannu, bakinsa a buɗe, yaron kuwa ya fashe da kuka.

Abin da ya fi wuya shi ne malaman kansu. Wata safiya Malam Hambali ya tare wani yaro da ya makara, ya kira shi jaki a gaban kowa. Malam Lurwanu ya bari sai da suka kaɗaice a ofis, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Yau kai ma bayan ƙararrawa ka iso, kuma yaran sun gani." Malam Hambali ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Amma daga ranar shi ke riga maigadi isowa, zagi kuma ya ɗauke daga bakin malamai.

Yawancin yara suka juyo, suna yin abin kirki ko ba mai kallo, don sun ɗanɗana daɗin a ambace su da alheri. Sai dai Garzali da 'yan ƙungiyarsa suna nan. Duk wanda aka yaba da safe, su tare shi a hanya su yi masa ature, ƙanana kuwa tsoronsu suke ji fiye da tsoron malamai.

Na uku Malam Barau, dattijo mai ɗingishi, malamin aikin gona, wanda ba ya yawan magana. Malam Hambali ya yanke shawarar korar su Garzali, sai Malam Barau ya ce, "In ka kore su, bakin ƙofar nan za su dawo su zauna, kuma ba ka da sauran iko da su. Ba ni su." Aka ba shi, ana cewa ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Ya kai su lambun makaranta. Kowace safiya ya tari Garzali a ƙofa ya ba shi hannu, da an tashi ya tambaye shi yadda yini ya kasance. Yaron ba ya amsawa. Suka tumɓuke masa dashen tumatir, ya sake dasawa bai tambayi wanda ya yi ba. Suka riƙa kwaikwayon tafiyarsa a bayansa, ya yi kamar bai gani ba.

Ana nan, wata rana suna ban ruwa su biyu, Garzali ya ajiye bokiti ya ce, "Malam, ni ban san abin da ya sa na yi dariyar nan ba. Tsoro ne ya kama ni. Tun ranar innata ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki." Malam Barau ya ce, "To, wanke hannunka mu je." Ya leƙa ofis ya ce wa Malam Hambali maƙera za su, neman gafarar Sale, ko zai zo? Malam Hambali ya sunkuyar da kai ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta taga ya bi su da kallo, tsoho na ɗingishi, yaro na biye.

Sale Maƙeri bai ko ɗago ba, ya ci gaba da dukan ƙarfensa har suka gaji da durƙuso suka tafi. Suka koma, suka sake komawa. Ran nan Garzali ya ga wuta na neman mutuwa, ya matsa ya kama zugazugi, Sale bai hana shi ba. Da ya gama ƙirar ya ce, "Tashi, yaro. Nawa na yafe. Na tsohuwa kuwa, ka riƙa yi mata addu'a."

Gab da kaka, ranar kasuwa, malamai duka suna ofis ana taro, maigadi ya kaɗa ƙararrawar tashi. Daidai nan wata babbar mota shaƙe da lemo, birki ya ƙwace mata, ta kife a bakin makaranta. Lemo ya malala har cikin ƙofa, direba ya maƙale a ciki jini na zuba. Malam Hambali ya ji ƙarar, ya ji hayaniyar yara, gabansa ya faɗi. Ya fito a guje ko hula babu, yana cewa a ransa yau ta ƙare.

Ga abin da ya tarar. Yara sun ja tunga a bakin ƙofa, ba wanda ya ture wani. Wasu 'yan kaɗan sun sunkuya sun fara cika aljihu, sai muryar Garzali ta tashi: "Duk wanda ya taɓa lemon nan, da ni zai yi! Mutum na mutuwa!" Suka zubar. Manya suka ciro turken shingen lambu suka ɓalle ƙofar motar, suka zaro direba. 'Yan mata biyu suka sheƙa asibitin gari kiran ma'aikaci, ƙanana suka jeru a titi suna tsayar da babura, sauran suka shiga tsince lemo suna mayarwa buhu. Mutanen kasuwa da suka rugo da kwanduna, da suka ga abin da yara ke yi, kunya ta kama su suka shiga taya su. Ma'aikacin asibiti ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da direban bai kai ba.

Mai gari ya tara jama'a a filin makaranta, ya janye maganar rufewa, aka yi ta yabon Malam Hambali, har maroƙi ya sa baki. Shi kuwa yana zaune gumi na keto masa, kowane yabo kamar mari. Da aka ba shi dama ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku daina. Duk alherin da aka kawo mini a makarantar nan, sai da na ce a'a tukuna. Ga masu aikin can." Ya nuna su ukun.

Mai gari ya ce, "Mun ji, Malam. Amma ƙarshen zangon nan shekarun aikinka za su cika ka ajiye aiki, kuma hukuma ta ce kai za ka faɗi wanda zai riƙe makarantar a bayanka. Kujera ɗaya ce. Faɗa mana."

Malam Hambali ya dubi Malama Uwani. Ba don ita ba, da yaran ba su san tsayawa a ƙofa ba, da sun tattake juna a kan lemon kafin wani ya tuna da direba. Ya dubi Malam Lurwanu. Ba don shi ba, da sanin ya tsaya a baki, domin ranar babu malami ko ɗaya da ke kallo, kuma da malaman ma ba su gyaru ba. Ya dubi Malam Barau. Ba don shi ba, da muryar da kowa ke tsoro wawaso za ta kira, kuma wa zai iya ja da ita? Ya rasa sunan da zai kira ba tare da ya zalunci biyu ba.

Nan na tsaya, saura ku. Tsakanin wadda ta koya musu hanya, da wanda ya sa suka so binta, da wanda ya juyo da mai tare ta, wa Malam Hambali zai miƙa wa makarantar?