Ƙofar da Dulcie Ta Rufe

Jama'ar wannan shafi, barkanmu da war haka. Yau kwana biyar ke nan wata magana ta tsaya mini a rai. Ko shayi na haɗa sai ya huce ban sha ba.

'Yata Tegan ce. Shekararta goma sha huɗu. Tun da ta dawo hutu daga makarantar kwana take maƙale da wani tsohon littafi na yara, irin na mutanen farko da suka shigo daji da keken shanu suka kafa gona. Ta karanta shi har bangon ya rabu. Ranar Lahadi muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce, "Mama, yarinyar cikin littafin nan ba ta kai ni ba, amma ita kaɗai take kiwo. Ni ma a bar mini zagayen ruwa."

Zagayen ruwa fa! Kilomita arba'in a kan babur, daga wannan kwamin shan ruwan dabbobi zuwa wancan, a zafin Janairu, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara. Babanta Col bai ko ɗago daga farantinsa ba ya ce, "A bar ta mana." Na ce sai na yi tunani. Har yanzu tunanin nake.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma ina da labarin da ba a littafi yake ba. Kakata ce ta ba ni shi da bakinta, kuma a kanta ya faru. Bari in ba ku, ko za ku ga abin da ni na kasa gani.

Akwai wata yarinya mai suna Dulcie, wato kakar tawa, 'yar shekara goma sha uku. Tun kafin yaƙin duniya na biyu ne, can yamma da garin Longreach, inda hanya take ƙarewa. Babanta Clem ya kwaso su daga gari ya kama gonar tumaki, shekara uku ke nan.

Dulcie tana da kai. Ta wasiƙa ake aiko mata da darasi, kuma kullum takardarta da yabo take dawowa. Abin ya hau mata kai. Ba wanda ba ta gyara wa magana, har uwarta.

A gonar akwai wani dattijo, kowa Kawu Dinny yake kiransa. Ɗan asalin ƙasar ne. Tun kafin a kafa shinge ko ɗaya kakanninsa suke shan ruwan wannan rafin, kuma kabarin mahaifiyarsa yana gindin wata bishiya a bakinsa. Bai iya karatu ba. In Dulcie ta gyara masa magana sai ya cire malafa ya rusuna, ya ce, "Godiya nake, ƙaramar uwargida. Gobe ki zo ki koya wa dokina, shi ma bakinsa a karkace yake."

A shekarar aka yi fari. Ana cikin haka doki ya faɗi da Clem, ƙafa ta karye. Aikin mutum biyu ya koma kan Kawu Dinny shi kaɗai.

Dulcie ta yi ta naci har babanta ya gaji. Ya ce, "To, ki ɗauki goɗiyarki ki riƙa duba kwamin da ke gindin famfon iska. Ki ga akwai ruwa, ki kwashe datti, ki dawo. Shi ke nan. Kin ji?"

"Na ji, Baba. Ai ba wani abu ba ne."

Ranar Litinin ta je. Ruwa yana nan, famfo yana juyawa. Aikin bai ɗauke ta ko minti goma ba. Sai ta ga ai ya yi mata kaɗan, ta haye tudun da ke bayan famfon don ta ga abin da ke gaba.

Can ƙasa ta hango ƙofar makiyayar arewa a buɗe, wangame.

Kun san dokar daji, kowane yaro a nan ya san ta: yadda ka sami ƙofa, haka za ka bar ta. A rufe, ka rufe. A buɗe, ka bar ta a buɗe, don wani ne ya buɗe, kuma da dalilinsa. Dulcie rabin dokar ta sani. A gida ta tashi, inda uwarta take yini tana cewa, "Dulcie, rufe ƙofa, kaji za su shiga lambu!" Babanta kuwa bai faɗa mata ba, don bai zaci akwai mai buƙatar a faɗa masa ba.

Ta sauka, ta warware wayar da aka ɗaure ƙofar da ita a jikin shinge, ta ja ta rufe, ta ɗaure tam. Ta ce a ranta, tsufa ya fara taɓa Kawu.

Abin da ya fi ci wa kakata rai, ko da ta tsufa, shi ne wannan: a hanyar gida ta yanke ba za ta faɗa wa kowa ba. Wai za ta rufa wa tsoho asiri. Ta iso gida tana jin kanta mutuniyar kirki.

Abin da ba ta sani ba, tafkin makiyayar arewa ya ƙafe, sai laka. Kawu Dinny ne ya buɗe ƙofar da gangan don tumaki su riƙa zagayowa kwami su sha, ya faɗa wa Clem, sannan ya tafi gyaran shingen kudu na kwana biyu.

Talata ta je, kwami cike. Laraba ta je, cike. Har tana alfahari, "Baba, ko ɗigo bai ragu ba." Zazzaɓin ƙafa yana damun Clem, bai tsaya ya auna maganar ba.

Da yammacin Laraba Kawu Dinny yana dawowa ya ga hankaki sun yi baƙi a sararin arewa. Bai ko biya gida ba.

Tumakin sun taru a bakin ƙofar, suna jin ƙanshin ruwa ta bayan tudu. Na baya sun danne na gaba. Ya buɗe, masu sauran ƙarfi suka wuce suna tangaɗi. Sittin da bakwai ba su tashi ba, yawancinsu masu ciki.

Clem yana baranda, ƙafa a kan kujera, aka kawo masa labari. Dulcie tana bayan ƙofar kicin, tana jin komai.

"Ka ce mini ka buɗe ta, Dinny."

"Na buɗe, Maigida."

"To iska ce ta rufe? Iskar ce ta ɗaure waya?"

"Ba iska ba ce."

"To wa?"

Dattijon ya yi ta juya malafarsa a hannu.

Clem ya buga sanda a ƙasa. "Ka manta ne, kuma ba za ka iya cewa ka manta ba. Motar wasiƙu za ta zo jibi Juma'a. Ka haɗa kayanka."

A wancan zamanin, mutum irin Kawu Dinny in ya rasa aiki a gona, sansanin gwamnati ake kai shi, can nesa, inda ake tara mutanensu. Ba rafinsa, ba kabarin uwarsa. Dulcie ta san haka.

Ranar Alhamis ta kasa cin abinci. Uwarta ta taɓa goshinta ta ce ko rana ce ta buge ta. Da hantsi ta zagaya rumfar dawaki, ta iske Kawu Dinny yana shafa wa sirdi mai. Sirdin ma ba nasa ba ne, na gonar ne, amma ba ya so ya bar shi a bushe.

Ta tsaya tana murza gefen rigarta.

Bai ɗago ba ya ce, "Goɗiyarki tana jan ƙafar baya ta hagu. A duba mata kofato."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ƙasa ta faɗa mini, a bakin ƙofar arewa. Ga kuma ɗaurin wayar. Ni sau biyu nake murɗawa in lanƙwasa. Wancan kamar an ɗaure kyautar Kirsimeti."

Dulcie ta fashe da kuka. "Na zaci mantawa ka yi, Kawu. Na zaci taimakonka nake."

"Na sani."

"To don me ba ka faɗa wa Baba ba?"

"In ce masa me? 'Yarka mai takardun yabo ce, ba tsohon da bai san baƙi ba? Wa zai yarda da ni?" Ya ci gaba da goge sirdi. "In ma ya yarda, ke me kika samu? Kin sami duka, kin tsane ni, shi ke nan. Kayanki ne, ƙaramar uwargida. Ba ni zan ɗauka miki zuwa baranda ba."

"Zai kashe ni."

"Da wace ƙafar zai kamo ki?"

Ta yi dariya cikin kuka, majina da hawaye. Amma ba ta je ba. Kakata ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Ta ce ranar sau uku tana zuwa bakin baranda tana komawa.

Juma'a da safe ƙurar mota ta taso daga nesa. Kawu Dinny yana tsaye a tsakar gida, bargonsa a naɗe, da ɗan gwangwanin dafa shayi a rataye. Iya abin da ya mallaka ke nan.

Direba ya sauke buhun gari da wasiƙu, ya ce, "Tsoho, hau mu tafi, rana tana yi."

Dattijon ya ɗora ƙafa ɗaya a kan taya.

"Ni ce!"

Kowa ya juyo. Dulcie ce a tsakiyar fili.

"Ni na rufe, Baba. Ranar Litinin. Na haye tudu, na gan ta a buɗe, na rufe. Ya buɗe, gaskiya ya faɗa maka. Kuma ya san ni ce, tun shekaranjiya ya sani."

Direban ya sami abin dubawa a ƙarƙashin motarsa.

Clem ya jawo sandunansa ya miƙe. Matarsa ta kawo hannu, ya ture. Ya sauko matakala uku da ƙyar, ya ratsa filin yana dogarawa, bai ko kalli 'yarsa ba, har gaban Kawu Dinny. Ya cire malafarsa.

"Na zalunce ka, Dinny. Ka sauko."

"Shekara uku ban taɓa yi maka ƙarya ba, Maigida. Da ma ka ce a kai ka wurin ka ga sawu."

"Haka ne."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke ƙafarsa daga kan taya.

Sai a lokacin Clem ya juyo. Dulcie ta sunkuyar da kai ta ce, "Na san ba zan sake hawa doki ba."

Clem ya ce, "Dinny, kai aka yi wa laifi. Me za a yi da ita?"

"Gawa sittin da bakwai suna can. Sai an fige gashinsu kafin a ƙone. Hannu biyu ba sa isa."

Kwana biyu suna yi, da ƙyalle a hanci, ƙudaje kamar hayaƙi. Ta yi amai har ba abin da ya rage. Kawu Dinny bai ce mata sannu ba, bai kuma yi mata gori ba. Sai dai in sun zauna hutawa ya nuna mata ƙasa da tsinke, ya ce, "Karanta mini nan, mai ilimi. Wa ya wuce? Yaushe?" Ta kasa. Ya ce, "To, gobe ma akwai makaranta."

Ranar Litinin da safe Clem ya ce ta ɗaura sirdi ta tafi duba ruwa. Uwarta ta ajiye tukunya da ƙarfi. "Clem, kana cikin hankalinka? Bayan abin da ta yi?"

Ya ce, "Saboda abin da ta yi. Duk ƙasar nan yanzu babu wanda zai tsaya ya yi tambaya a bakin ƙofa kamar yarinyar nan. Tumaki sittin da bakwai suka koya mata. In zaunar da ita a kicin, sun mutu a banza ke nan."

Dulcie ta riƙe gonar nan shekara arba'in bayan babanta. Kawu Dinny kuwa a bakin rafinsa aka binne shi, kusa da uwarsa, kuma ita ta zaɓi wurin.

Darasi: Kada ka gyara abin da ba ka san dalilinsa ba, ka fara tambaya. In kuma ka ɓata, ka buɗe baki kafin wani ya ɗauki laifinka, don a ranar nan ake zama babba, ba a ranar da shekaru suka cika ba. Ku tura wa iyaye 'yan'uwanku, wataƙila akwai mai irin damuwata.

To ni dai ga inda na tsaya. Duk lokacin da na ba da labarin nan, wurin Clem nake yabawa. Yanzu da abin ya zo kaina, na ga ashe uwar Dulcie ce ni. Kuma ba ta yi ƙarya ba. Tumaki ne suka mutu a lokacin, amma da yarinyar ce goɗiya ta kayar a bayan tudu fa? Akwai maciji, akwai faci, akwai wuraren da rediyon oba-oba ba ta kamawa. Col ya ce zai bi ta a baya sau biyu, daga nan ya sake ta. Tegan ta daina yi mini maganar, sai dai ta bi ni da ido, kuma wannan ya fi nacin ciwo. Saura sati uku ta koma makaranta.

Ina tsoron in bar ta. Ina kuma tsoron kada ya zama ni ce nake rufe mata hanya, ina jin kaina mutuniyar kirki.

Iyaye mata, musamman ku da kuka riga ni, don Allah ku faɗa mini gaskiya. In ba ta makullin babur ɗin, ko in ce ta bari sai baɗi?