Takardar da Abatcha Ya Jefa a Wutar Banda

A garin Nguru an yi wani ɗan kasuwa mai suna Abatcha, sana'arsa sayen bandar kifi a wurin masuntan Gashua da Dagona yana lodawa Kudu. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa. Allah Ya ba shi kai mai riƙe abu, sai dai wannan baiwar ce ta zame masa abin tinƙaho. Lambar wayar kowa tana kansa. Ko kwali ɗari aka jibge a gabansa, zai gaya maka wanne ne na wane. In ya ga mutum ya zaro biro da takarda sai ya kwashe da dariya, ya ce rubutu aikin mai ƙwaƙwalwar kifi ne.

Burinsa a duniya guda ne: ya kai mahaifiyarsa, Iya Yakaka, Makka. Ya daɗe yana tari, amma duk sa'ad da ya kusa, sai naira ta faɗi, kuɗin kujera ya ƙara tashi. Abin ya ishe shi, har wata rana ya kai kukansa wurin ƙanwarsa Sakinatu, mai shagon cirar kuɗi a bakin kasuwar Gashua.

Sakinatu ta ba shi kujera, ta yi masa bayanin kuɗin intanet da ake kira kirifto. Ta ce Bitcoin shi ne babbansu, mutane na saye su ajiye, amma farashinsa kamar ruwan kogi yake, yau ya cika ya batse, gobe ya janye. Akwai Ethereum, wanda masu harkar manhajoji suka fi amfani da shi, shi ma hawa da saukar yake yi. Sai USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dala, shi 'yan kasuwa ke aika wa juna, shi kuma ya fi dacewa da mai son ajiya. Ba ta ɓoye masa cewa kowanne da haɗarinsa ba. Abatcha ya zaɓi na ukun.

Ta buɗe masa asusu a wayarsa. Wayar ta nuna kalmomin Turanci goma sha biyu, Sakinatu ta rubuta su a jere a takarda ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, wannan ita ce makullin," in ji ta. "Nan ba banki ba ne, babu manajan da za ka je ka yi wa kuka. In waya ta ɓata, da waɗannan kalmomin kaɗai za a buɗe. Kada ka nuna wa kowa, ni ma ban riƙe su ba. Ka sa a akwatin Iya, inda takardun gida suke."

Abatcha ya sa ta karanta masa sau uku, ya maimaita tsaf ba gargada, alhali ko ma'anar ɗaya bai sani ba. Daga nan ya wuce wurin masu banda. Can aka ga takarda a hannunsa, abokai suka samu abin tsokana, wai yau ga Abatcha da rubutu, tsufa ya zo. Maganar ta sosa masa rai. Ya karanto musu kalmomin da ka don su shaida, sannan ya dunƙule takardar ya cilla a wutar banda. Aka tafa masa, ya tafi yana jin daɗi.

Shekara biyu yana kai wa Sakinatu ribarsa tana saya masa USDT tana tura masa. Da ɗan yatsa wayar ke buɗewa, don haka bai taɓa buƙatar kalmomin ba. Ai ko mahaddaci sai da tilawa, amma Abatcha bai taɓa zama ya bi su ko sau ɗaya ba. In Sakinatu ta tambayi takarda, sai ya ce tana inda ɓarawo ba ya shiga.

Da kaka ta yi, kuɗi suka cika. Ya gaya wa Iya Yakaka bana da ita za a tashi in Allah Ya yarda. Tsohuwa ta yi kukan murna. Ta sa aka ɗinka mata fararen kaya, ta bi maƙwabta gida gida tana neman yafiya, suna ba ta saƙon addu'a.

Saura mako guda a rufe biyan kuɗin kujera, Abatcha ya je Dagona ɗauko kaya. Ruwa bai janye ba, sai da kwalekwale. Suna tsakiya wani kwali ya goce, ya sunkuya ya tare, waya ta sulale daga aljihun gaba ta faɗa ruwa. Masunta suka yi nutso har suka gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce su bari, waya ai ta kasuwa ce.

Ya sayi sabuwa a Gashua, ya zauna a shagon Sakinatu ya fara karantowa tana shigarwa. Biyar na farko suka zo kamar ruwa. Ta shida ta tsaya masa. Ya koma farko, ya kawo tara, amma ya rasa wacce ke gaban wacce, uku kuwa sun ɓace ɓat. Da Sakinatu ta ce ya je ya ɗauko takarda kawai, sai ya sunkuyar da kai ya gaya mata gaskiya. Sakinatu ta share hawaye.

Kwana shida suna gwadawa. Har wurin masu banda ya koma ko wani ya riƙe abin da ya karanto musu, suka ce su tafin kaɗai suka tuna. Abin da ya fi ci masa rai, Sakinatu tana da adireshin da take tura masa kuɗin, ta buɗe ta nuna masa. Ga su nan cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Yana gani da idonsa, amma shi da taɓa su har abada.

Ya koma Nguru ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya faɗi duk abin da ya faru. Ya so ta yi masa faɗa, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Iya Yakaka, wadda ba ta kiran sunansa don shi ne ɗan fari, ta dube shi.

"Tashi, babban mutum," ta ce. "Kiran ne bai zo ba."

Ta ninke fararen kayanta ta buɗe akwati ta sa a kan takardun gida, daidai inda aka ce ya ajiye tasa takardar. Abatcha ya fita waje ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Darasin wannan labari shi ne, baiwa ba ta hana mutum bin ƙa'ida. Duk wanda zai shiga sabon abu, musamman harkar kirifto inda kai ne bankin kanka, ya saurari wanda ya riga shi sani, ya rubuta makullinsa ya adana inda ya dace. Kada tafin mutane ya sa ka ƙona abin da ba ya dawowa, domin ranar asara masu tafin ba sa nan, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ke ɗaukar nauyin girman kanka.