Riƙon Ayashe

To, ku matso kusa, kun san muryata ba ta da ƙarfi. Wannan da zan ba ku babu dodo a ciki, babu aljani, mutane ne irinmu. Ku ci gaba da ɓarar gyaɗarku, kunne kawai nake so. In na gama ku za ku yanke, don ni abin ya fi ƙarfina.

A wani gari na bakin fadama an yi wata mata Dela da mijinta Barau. Auren zumunta ne, uwar Barau da uban Dela ciki ɗaya suka fito, kuma suna son junansu. Dela ta haifi namiji lafiya lau, aka yi suna. Bai kai ga zama ba sai wuya ya saki, yawu ya yi ta dalala, ido ya riƙa juyewa sama, jiki ya sanƙare ya sake. Ya koma. Ta ƙara haihuwa, shi ma haka. Gari ya ce wabi ne. Da ta haifi ta uku, mace, sai uwar Barau, Iya Kubura, ta sa aka kai jaririyar kan juji aka ajiye aka ɗauko, aka sa mata Ayashe, wai ko ta ga ba a damu da ita ba ta zauna. Ba ta hana komai ba. Tun ba a fara zancen yaye ba wuyan Ayashe ya saki.

Mutum uku ne suka tsaya wa yarinyar nan.

Ta farko gwaggonta ce, Tasalla, yayar Barau. Ba ta taɓa haihuwa ba. Sana'arta shanya: kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, duk rufin gidanta a shimfiɗe yake. Ita ce ta ce a kai yarinya babban asibiti a birni. Iya Kubura ta ce, "Ba inda za ta. A ɗebi jinin jikata da fitsarinta a ba wanda ban san asalinsa ba? Da me ake yi wa mutum asiri in ba da su ba? Tasalla, kika fita da yarinyar nan ban yafe miki nonona ba."

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. Biyu mun binne muna kallo." Ta goya Ayashe ta fita, Dela na biye da ita tana kuka.

A birni suka samu wata likitar yara mai haƙuri. Ta ce ita ba za ta ba da magani da ka ba, sai ta auna. Aka ɗebi jini aka auna bitamin ɗin nan da suke ce wa bi, aka auna folik, irin wanda ake ba mu a ƙananan ƙwayoyi in muna zuwa awon ciki. Duk suka fito daidai. Likita ta ce saura abu ɗaya, ɗan'uwan folik ne, jiki da kansa yake yin sa, ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Wai shi terin, haka dai kunnena ya ɗauka. A fitsari ake ganinsa, injin da ke auna shi kuma babu a kusa, sai an aika nesa. Ta ba Tasalla wata farar takarda mai shan ruwa ta ce, "Ki jiƙa ta da fitsarin yarinya ki bar ta ta bushe a cikin ɗaki, a duhu. Abin nan ba ya son haske, rana kashe shi take yi."

Tasalla ta ji sarai. Amma damina ce, ɗakin da suka sauka danshi ne da shi, takarda ta ƙi bushewa, har ta fara wari. Ita kuwa tun tana yarinya abin da ta sani shi ne, duk abin da bai ga rana ba fumfuna yake yi. Da rana ta ɗan leƙo sai ta ɗora takardar kan kwanon rufi, ta danne da dutse, ta ce ɗan jim kaɗan ba zai yi komai ba. Ta bushe ƙarau. Ta kai wa likita ba ta faɗa ba. Aka aika, aka yi ta jira har aka yi girbi. Amsa ta dawo, wai ba a ga komai ba, abin ya lalace. A cikin jiran nan ne hannun hagu na Ayashe ya naɗe, bai ƙara miƙewa ba.

Na biyu kawunta ne, Mati, yayan Dela, direban babbar mota mai kai tumatir Ikko. Shi da Tasalla taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Likita ta ce wannan karon ba takarda. Aka ɗebi fitsari, aka ɗebi ruwan ƙashin bayan yarinya da allura, aka zuba a 'yan kwalabe aka naɗe da baƙin ƙyalle, aka sa a kula cike da ƙanƙara. Dole ya isa Ikko, wurin wanda zai wuce da shi inda injin yake, ƙanƙarar ba ta narke ba. Mai kai wa asibiti saƙo sai wani watan zai tafi, yarinya kuwa ba ta da wani watan. Sai Mati ya ce shi zai kai.

Mati ya ce, "Baiwata, ke da kika gasa na farko kamar kilishi, miƙo nan."

Tasalla ta ce, "Karɓa, bawana. Ka bar shi ya narke, ka zauna can Yarabawa su riƙe ka."

Wannan ce dariya ta ƙarshe da suka yi tare.

Ya haye kogin Kwara ke nan, a tsakiyar daji, ƙarfen ƙafar mota ya karye. Gyara sai an kwana ana yi. Mati ya dubi kwandunan tumatir na mutane, ya buɗe kula ya ga ƙanƙara ta fara zama ruwa. Ya rufe mota ya ɗora kula a ka. Ya hau acaɓa, ya hau bas, ya yi tafiyar ƙafa, duk garin da ya shiga sai ya bi masu sayar da ruwan sanyi yana roƙon ƙanƙara. Ya isa da sauran sanyinta. Da ya dawo wurin mota, tumatir ya ruɓe yana tsiyaya, an kwance tayoyi, an cire batir. Mai mota ya sa aka kulle shi. Da ya fito babu wanda ya ƙara ba shi makulli a tashar nan. Mutumin da ake ce wa direba ya koma tura baro.

Amma amsa ta zo. Likita ta ce an gano. Folik ɗin da ya cika a jini, a ruwan ƙwaƙwalwa kusan babu shi, terin ɗin kuma a hargitse yake. Ta ce gado ne, rabi daga uwa rabi daga uba, ba laifin kowa ba ne, kuma akwai magani.

Mati ya fito daga kulle da zafin rai, ya tarar Iya Kubura tana nan tana gaya wa mutane cewa Dela ce mai wabi, ita ta cinye 'ya'yan ɗanta. Ranar kasuwa ya tsaya a rumfar mahauta, inda maza suka fi taruwa, ya ɗaga murya ya ce, "An auna! Likita ta auna da inji, jinin Barau ne ruɓaɓɓe!" Rabin maganar ya faɗa, ya haɗiye rabin. Barau ya kasa fita masallaci don kunya. Kafin sati ya zagayo ya saki Dela. Ta koma gidan ubanta da yarinya a baya, ta dubi Mati ta ce, "Yaya, ka kai kwalba har Ikko ba ta fashe ba, ka dawo gida ka fasa ni." Daga nan ta kwanta. Ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu, ba ta kuma ce ga wanda ta bar wa 'yarta ba.

Ta uku ba dangi ba ce. Azumi, ƙawar Dela tun suna tallan goro, maƙwabciyar gidan uban Dela, mai tuyar ƙosai, da mijinta da 'ya'yanta. Tun Dela na kwance ita ta karɓi aikin, don Tasalla tana wani gari wurin aurenta, Mati kuma yana tasha. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Magani iri-iri, kowanne da lokacinsa, tun asuba har magariba, in aka tsallake ɗaya jiki ya sanƙare. Ga zuwa birni a kai a kai a huda yatsa a ƙara aunawa. Abin da ya fi wuya shi ne abinci. Likita ta ce ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba wake, ba nono, ba gyaɗa, don jikin yarinyar ba ya iya sarrafa su, ƙwaƙwalwa suke hawa su ɓata. Ku duba fa, gidan mai ƙosai, a ce yarinya ba za ta ci wake ba.

Azumi ta riƙe. Wuyan Ayashe ya tsaya. Ta zauna, ta rarrafa, ta miƙe.

Gari kuwa bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne 'ya'yan Azumi suna cin ƙosai marainiya na kallo. Wata Babbar Sallah ana suya a tsakar gida, mata sun cika, wata tsohuwa ta ji tausayi ta tura wa Ayashe yankan hanta a baki. Azumi ta yi tsalle ta sa yatsa ta zaƙulo shi, yarinya na ihu.

Tsohuwar ta ce, "Azumi, ki ji tsoron Allah! Ranar Sallah? Uwarta na kabari tana jin ki."

Wata ta ce, "Likita ta hana, ko dai tukunya ta hana?"

Daga ranar aka daina sayen ƙosanta, aka sa mata suna mai horon marainiya. Abin ya taurara mata zuciya. Ta koma kulle yarinyar a ɗaki in za ta fita, don kada wani ya ba ta wani abu. Ranar da ta kama ta da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin tabarma ta zane ta da tsintsiya har sai da jiki ya tashi. Tasalla ta zo da tsaraba Azumi ta hana ta shiga, ta ce mai shanya ba ta jin magana. Mati ya zo ta ce bakinsa ya ci uwar, ba zai ci 'yar ba. Ayashe in ta ji takun Azumi sai ta maƙale a bango.

Yanzu yarinya ta isa shiga makaranta. Tana tafiya tana jan ƙafa, hannu a naɗe, magana a hankali kamar mai tauna ta. Amma tana raye, ga ta nan ana ganinta. Iya Kubura ta rasu ba ta yafe wa Tasalla ba, ko da Tasalla ta zo jinyarta juya mata baya ta yi. Barau ya yi aure a wani gari, aka aika masa ya ce duk mai so ya ɗauka. Sai mijin Azumi ya samu wurin zama can kudu, zai kwashe iyalinsa. Nan rigima ta tashi, aka taru a zauren mai unguwa.

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, da ban goya ta na fita ba, da tana kusa da yayyenta a maƙabarta. Uwata ta mutu da fushina saboda ita. Ba ni da kowa sai ita."

Mati ya ce, "Goyo ya kai ta asibiti, bai gano ciwo ba. Ni na kai abin da aka auna. Jinin ƙanwata ce, a bar ni in gyara abin da na ɓata."

Azumi ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ku kun yi naku kun gama. Ni nawa kullum ne. Cikinku wa ya san maganin da take sha da hantsi?"

Sai mai unguwa ya ce a kawo yarinyar. Aka tsayar da ita a tsakiya ya ce, "Ayashe, ga gwaggonki, ga kawunki, ga Innarki Azumi. Wurin wa kike so?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana haɗa maganar, sannan ta ce, "Wa zai ba ni nama?"

Tasalla ta sunkuyar da kai. Mati ya kau da fuska. Azumi ce kaɗai ta yi magana, ta ce, "Ba ni ba."

Yarinyar ta ja ƙafarta ta matsa nesa da ita.

Mai unguwa ya ce a tashi, zai yi tunani. Motar kudu kuwa tana nan tana jiran kaya.

To, ga ta nan na ajiye muku. Wadda ta sayar da albarkar uwarta ta fitar da yarinya, amma ta shanya mata hannu a rana. Wanda ya zubar da sana'arsa a daji don a gano ciwon, ya dawo ya kashe auren uwar da bakinsa. Da wadda ba ta haɗa jini da ita ba, ta raya ta, yarinyar kuma tana tsoronta kamar wuta. Ku ajiye gyaɗar nan ku gaya mini, a cikin su ukun nan wa ya fi cancanta a ba riƙon Ayashe?