Giɓin Tunau

Tun zamanin da gatari bai taɓa dajin Kwarin Marke ba, giwaye na kiwo inda kasuwa take ci a yau, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Tsofaffi sun ce dogo ne, baƙi, marar yawan magana, kuma iska ba ta kai warinsa hancin naman dawa. Makaɗan maharba kan yi masa kirari: "Tunau na Tarana, guguwar rani, mai kutsa sarƙaƙiya ba takalmi, kibiyarka ba ta dawowa da ƙishirwa!" Tarana ita ce matarsa.

Wata shekara yana bin sawun ɓauna, sai ya faɗo wani kwari inda giwaye suka tone ƙasa da haurensu. Ƙasar ja ce wur, ga danƙo, in an dunƙule ta ba ta tsagewa. Ya ƙulle kaɗan a bakin warkinsa, ya kai wa ƙanensa Anaruwa, wanda magini ne. Anaruwa ya murza, ya sansana, ya ce, "Yaya, kai ni wurin nan. Hannuna bai taɓa riƙe irinta ba."

Suka kwashe iyalinsu suka koma can. Tunau ya sari gandu, ya kori zakuna daga bakin rafi. Anaruwa kuwa ya buɗe filin tubali a gindin kwarin. Mata na ɗebo ruwa, maza na kwaɓa ƙasa da ƙafa suna zuba mata ciyawa, ana mulmula tubali ana jerawa a rana, sahu sahu kamar garken tumaki a kwance. Da su ya tayar da zaure mai ɗaurin guga, da soro mai rufin azarar giginya, da rumbuna masu tsayin da sai da tsani. Ya shafe bangaye da makuba har suna ƙyalli. Manoma suka ji labari, suka zo suka raɓu da su.

Daga nan ya shiga kewaye gidan da katanga mai kauri. Ta gabas ya sa ƙofa da ƙyauren ƙirya. Ta yamma, wajen filin tubali, ya bar giɓi, don ta nan ake shigo da kayan gini.

Bayan kaka, rannan da hantsi, wani makiyayi ya shigo a guje, ƙafafunsa duk jini. Ya ce mahara bisa dawakai sun ƙone tungar da ke ƙetaren rafi, sun ɗaure mutanenta, ga su nan tafe. Tunau ya dubi giɓin, ya dubi mata da yara da suka cika tsakar gida.

"Anaruwa, yaushe za ka iya rufe shi?"

"In Allah ya yarda, kafin azahar, Yaya."

"To, fara."

Ya rataya kwarinsa ya fita, ya laɓe cikin tarin tubali. Kowa ya shiga jidon tubali, har tsofaffi. Gini bai wuce ƙugu ba ƙurar dawakai ta bayyana. Kibiyar Tunau ta fari ta kayar da na gaba, sauran suka ja da baya, suna zaton rundunar maharba ce a ɓoye. An ce ran nan a wuri uku ake ganinsa lokaci guda.

Da katanga ta wuce tsayin mutum, Anaruwa ya bar 'yar kafa daidai shigar mutum ɗaya. Ya leƙa ya ɗaga murya, "Yaya, shigo!"

Tunau bai waiwayo ba. Ya ce, "In na juya baya, tare da su zan shigo. Toshe!"

Anaruwa ya ce, "Ba zan gine ka a waje ba, Yaya. Wallahi ba zan iya ba."

Sai Tarana ta matso, goye da jaririnta. Ta sunkuya ta ɗauki tubali, ta kamo hannun Anaruwa ta ɗora masa. Ta ce, "Ka ji abin da yayanka ya ce." Ta miƙo wani, ta miƙo wani. Yana ɗorawa yana kuka, har haske ya daina shigowa ta kafar.

Suna jin ƙarar tsarkiyar bakansa har la'asar, sannan shiru. Maharan suka zo suka doki sabon ginin da gungume, amma ɗanyar ƙasar ta riga ta ƙame kamar dutse. Suka kewaya, suka gaji, suka kwashi gawarwakinsu suka tafi.

An iske Tunau jingine da tarin tubali, kwarinsa babu kibiya, wuƙa a hannunsa. Nan aka binne shi. Anaruwa bai ƙara kwaɓa ƙasa ba har ya bar duniya. Tubalan da suka rage bai yarda an taɓa ba, damina ta narkar da su bisa kabarin, suka zama jan tudu. Ya kama fartanya, ya riƙe 'ya'yan yayansa kamar nasa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Tarana ta zo gaishe shi, ita ma ta tsufa tukuf. Ya ce, "Da na ɗan jira fa?"

Ta ce, "Da babu ko ɗaya cikin yaran nan da kake jin hayaniyarsu." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Gandun Tunau yana nan har yau, jikokin jikokinsu ne a ciki. Zauren bai faɗi ba. Ramin da aka haƙi ƙasa ya zama kududdufi, bado ya rufe shi, kuma ba a ɗibar ƙasar gini a wajen. Duk shekara bayan girbi sukan taru su yi wa katanga yaɓe, amma ba sa taɓa giɓin. Tubalansa a fili suke, a karkace, da shatar yatsun mai ginin. In masu yaɓe suka iso nan sai su tsaya, dattijon gidan ya dafa bangon ya ce a hankali, "Yaya, shigo." Su ɗan saurara, sannan su tsallake su ci gaba da aiki.