Baƙon da Aka Ba Ƙarshen Lambu

Akwai wani mutum mai babban lambu a bakin kogi, yana da ma'aikata waɗanda suka daɗe tare da shi, kowa ya gwanance da aikinsa. Da lambun ya ƙaru, sai ya ɗauki wani sabon ma'aikaci, baƙo daga ƙasar tudu, wanda ya iya noman damina amma bai taɓa noman rani ba. Ya ba shi fartanya da iri, ya nuna masa wani yanki can ƙarshen lambun, bayan giginyu. Ya ce wa sauran, "Ga ɗan'uwanku, ku riƙe shi." Sa'an nan ya yi tafiya.

Ƙasar wannan yanki kuwa tana da kanwa. Tsofaffin ma'aikatan duka sun san haka. Sun san sai an cika ta da ruwa, a buɗe masa hanya ya wanke ta ya fita, kafin a dasa kome. Ba su ƙi baƙon ba, sukan ma amsa gaisuwarsa da fara'a. Amma kowa ya ɗauka wani ya riga ya gaya masa, kowa kuma yana da shukar da ke jiransa.

Baƙon ya dasa albasa, ta yi ja ta bushe. Ya ƙara ruwa, ruwan ya kwanta, ya ƙafe, ya bar fari a kan ƙasa. Ya tone ya sake dasawa, haka nan. Da tsakar rana ma'aikatan sukan taru a gindin tsamiya su ci abinci. Ya taɓa zuwa ya zauna a gefe, amma hirarsu ta mutanen da bai sani ba ce, ba wanda ya jawo shi ciki. Daga nan sai ya riƙa cin nasa shi kaɗai a bayan giginyu, iska tana kawo masa dariyarsu.

Wata rana ya yi ƙarfin hali ya je wurin babbansu, wani dattijo, don ya yi tambaya. Ya tarar da shi a sunkuye yana juya ruwa.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Dattijon bai ɗago ba, ya ce, "Yawwa, sannu. Aikin lafiya?"

Baƙon ya ji kunya kada a ce maigida ya ɗauko wanda bai iya ba. Ya ce, "Lafiya lau." Ya koma.

Da shuka ta sake mutuwa, sai ya wanke fartanyar, ya jingine ta a jikin giginya, ya kama hanya. Ba wanda ya lura, sai da maigidan ya dawo ya tambaya.

Suka ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar ce ta kore shi. Ai kanwa ce a wurin."

Ya ce, "A cikinku wa ya gaya masa?"

Aka rasa ko mutum ɗaya. Ya ce, "Ku je ku nemo shi." Amma ba wanda ya san garinsu, ko sunansa ma, gama Baƙo suke ce masa.

Dattijon ya tafi ƙarshen lambun ya duba. Ya ga inda mutumin ya tona ya sake tonawa, da takin da ya yi ta ɗaukowa a ka, da 'yan rumfunan ciyawa da ya yi wa dashe don kada rana ta ƙone shi. Ya gane ba rago ba ne. Ya bi hanya yana tambaya har ƙauyukan gaba, bai same shi ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Maigidan shi ne Ubangiji, lambun kuwa wurin aikin da ya sa kowannenmu. A ikilisiyar nan muna da malaman kwaleji da yawa, don haka da ku zan fara. Kowace shekara ana kawo muku sababbin malamai. Ana miƙa wa mutum makullin ofis da aji cike da ɗalibai, a ce ga naka. Yana da ilimi, amma bai san yadda ake riƙe babban aji ba, bai san wanda zai gani in abu ya kwaɓe ba. Abin da yake kwana da shi a rai, ku za ku iya warware masa kafin shayi ya huce. Wannan ita ce kanwar. Kun san ta har kun manta cewa ku ma wani ne ya nuna muku.

Ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, amma an ba su amanar mutum, suka tsaya a gaisuwa. In makarantarku ta tsara haɗa sabon malami da tsoho, kada ka ce aiki ya yi maka yawa. In ba ta tsara ba, kai ka fara. Ku da ba malamai ba, ku duba bencin baya, akwai wanda ke fita da zarar an tashi sujada don ba shi da wanda zai tsaya da shi.

Kada ka jira sabon malamin ya zo ya tambaya, domin ba zai zo ba. Gobe ka je ofishinsa, ka ja kujera ka zauna, ka fara da gaya masa kuskuren da kai ka yi a shekararka ta farko.