Man da Ya Ɓoye wa Matar Ƙanensa

Akwai wani mutum da ake kira Mai Kifin Katako. Sana'arsa sassaƙa ƙananan kifaye na katako, ya yi musu fenti, ya saka ƙugiya, masunta su saya su yaudari manyan kifaye da su.

Kifinsa yakan shekara a ruwa bai tsage ba. Sirrin yana wani ɗakin baya da yake kullewa. A can yake tsoma kowane kifi cikin man da ke hana katako shan ruwa, ya rataye shi kwana uku, ya goge da samfefa, ya shafa farin fenti na ƙasa, sannan ya fito da shi a yi ado. Ko ɗansa na cikinsa, magidanci da ke kai masa kaya kasuwa, in ya tambaya sai ya ce, "Shanya su kawai nake yi."

Da ƙanensa ya rasu, matar ta zo ta durƙusa.

"Yaya, yara huɗu ya bar mini. Ka koya mini sana'ar nan in rufa wa kaina asiri."

"Ai ɗa na kowa ne," in ji shi. "Gobe ki zo."

Mutumin nan mugu ne, ba zan ɓoye muku ba. Kishiyar sana'a ya gani, bai ga marayu ba. Wata biyu yana koya mata sassaƙa da fenti a gaban ɗansa, amma bai taɓa ambatar man nan ba.

"Yaya, haka kawai zan shafa a kan katakon?"

"Haka kawai. In ya bushe, ki shafa."

Ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi kayan aiki. Kifayenta suka fito gwanin sha'awa, masunta suka yi rububi. Mako guda a ruwa, katakon ya kumbura, fenti ya yi ta ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Masuntan suka zo suka watsa mata su a ƙofar gida, a gaban 'ya'yanta, suna kiranta macuciya.

Ta je wurinsa tana kuka. Ko kai bai ɗaga daga aikinsa ba.

"Hannu ne, ke ba ki da shi. Ki nemi wankau."

Wankau ɗin kuwa ta koma yi a gidajen mutane.

Bayan shekara biyu, ƙungiyar masunta ta ba shi aikin kifi ɗari uku, mafi girma da ya taɓa samu. Ya gama sassaƙa ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Ɗan ya ce sunan Baba ba zai faɗi ba. Ya shanya kifayen kwana uku, ya kwaso su, ya zauna a gaban shimfiɗar uban don ya faranta masa rai. Ya tsoma buroshi, ya fara shafa fenti a kan katako tsirara.

Tsohon ya yi ta gurnani, yana bugun tabarma da hannun da ya rage masa, hawaye na bin kuncinsa.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji ɗan, yana share masa fuska. "Ina nan lokacin da kake koya wa Inna, matar ƙanenka. Yadda ka ce mata, haka nake yi, ban tsallake komai ba."

Yana kwance yana kallo aka fente ɗari ukun nan, ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana goma, yana jin masunta a ƙofar gida suna kiran ɗansa ɓarawo, ɗan yana rantsuwa cewa koyarwar ubansa ce.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ƙaryar da ka koya wa wani don ya faɗi, naka na gefe yana haddace ta a matsayin gaskiya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'a a hannu.